Daminar da Na Tace Kamu da Ƙyallen Ruwa

Ruwan bana ya zo wa Dutse Alhaji da ƙarfinsa. Kwana uku a jere ana tafkawa, kwatoci suka cika suka tumbatsa, ledoji suka toshe magudanai, abin da bai kamata ya shiga rijiya ba ya shiga. Da aka fara kwasar mutane zuwa asibiti da amai da gudawa, sai ga ma'aikatan lafiya sun shigo layinmu da 'yan kwalabe, suna ɗibar ruwan kowace rijiya za su kai gwaji. Ina zaune a ƙofar shagona ina ƙulla sukari, wata budurwa a cikinsu ta cika kwalba ta ɗaga ta saitin rana tana kanne ido ɗaya. Hannuna ya tsaya cak a bakin leda. Na taɓa ganin irin wannan ɗaga kwalbar, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, a wani ƙauye da ke bayan waɗannan duwatsun, a daminar da kurkunu ya kwantar da mijina.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kuma kada ya sanar da su. Tsutsa ce fara, siririya, tsawonta kan kai hannun babban mutum ko ya fi. Da ƙaiƙayi take farawa, sai bororo ya taso a ƙafa yana zafi kamar an ɗora garwashi, in ya fashe sai kanta ya leƙo. Ba a fizgo ta, don in ta tsinke a ciki ƙafa kumbura take ta ruɓe. Naɗe ta ake yi a jikin tsinke, kullum a ja ɗan kaɗan, har mako shida, wani ma wata biyu. Abin haushin kuma, ba ta tashi fitowa sai da damina, daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ƙafarsa.

Daga wajen Zariya muka zo, ni da mijina Malam Idi. Lokacin ana tsakiyar ginin Abuja, maza suna ta tururuwa zuwa leburanci, amma Malam ya ce shi fartanya ya iya, ba zai tsufa a ƙarƙashin buhun siminti ba. Wani dattijon Gbagyi, Baba Shekwolo, ya ara mana gona a gindin dutse, ƙasa baƙa mai kyau. Sharaɗinsa biyu ne. Kowace shekara kafin shuka sai an je an gaishe shi ya ce a shuka. Sannan gonar aro ba ta kwana damina biyu ba a noma ta ba, in ta kwana ta koma hannun dangi. Akwai kuma ɗan ƙanensa da ya daɗe yana hangen gonar, kowa ya sani. Mu kuwa ba mu bar komai a gida da za mu koma wa ba.

Shekara biyu muka noma lafiya. A ta uku, ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, Malam ya wasa fartanya ya fito da iri. Kwana biyu tsakani bororo ya taso masa a idon sawun dama, kafin mako ya zagayo wani ya fito a hagu. Mutumin da yake fita gona tun kafin kaji su sauko ya koma jan gindi zuwa bayan gida. Ba a yi zancen gayya ba ma, don rabin ƙartin ƙauyen suna kwance da tsinke a ƙafa. Na goya 'yarmu Sadiya, tana nono lokacin, na je na shuka 'yan kunyoyin masara, birai suka sauko daga dutse suka yi mini godiya. Sauran gonar tofa da harkiya suka cinye ta.

Yunwar damina daban take da kowace yunwa. Ko'ina kore shar, ruwa yana zuba, amma rumbu wayam. Muka ci tafasa, muka ci rama, muka ci kwaɗon zogale ba ƙuli, har bakina ya manta ɗanɗanon mai. Ɗakin kullum a jiƙe, tabarma tana warin sanyi, ga warin ciwon Malam da ƙudaje. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na kwashi tasoshin aurena na kai kasuwar Bwari na sayar, na dawo da gero. Na fara dama koko ina kai wa leburorin da ke jiran tifa a bakin titi da sassafe. Da wannan kokon gidanmu ya rayu.

Kowa da abin da yake cewa game da ciwon. Wasu sun ce jijiya ce ta gaji da zama a jiki, wasu sun ce sammu aka taka, Malam ya ce gado ne, kakansa ma ya yi. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: in zafin ya taso, ba abin da ke kwantar da shi sai ruwa. Don haka da rana za ka ga masu ciwo sun jeru a bakin kududdufi sun tsoma ƙafafu suna lumshe ido. A wannan kududdufin muke ɗiban ruwan sha, mu a ka, matan Gbagyi a kafaɗa.

Ana cikin haka Madam Rifkatu ta zo. Ma'aikaciyar lafiya ce 'yar Filato, gajeriya, mai murya kamar ta mutum uku, a kan wani ƙaramin babur da taɓo ya canja wa launi. Ta tara mu a gindin ɗorawa, ta sa aka ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, ta ɗaga saitin rana, sannan ta miƙo mana wani madubi mai ƙara girman abu, kowa ya leƙa. Da layi ya zo kaina na leƙa. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne farare suna tsalle a cikin ruwan da nake ɗura wa cikina kullum.

Ta ce mai ciwo in ya tsoma ƙafa, tsutsar tana zubar da 'ya'yanta a ruwa, ƙwarin nan su haɗiye su, mu kuma mu haɗiye ƙwarin. Ta ce ruwan da ka sha bana, sai baɗi tsutsarsa za ta fito, shi ya sa ba wanda ya taɓa haɗa ciwon da ruwan. Mutane sun yi shekaru suna leƙen madubi a ƙasashe daban-daban kafin su gano wannan zagayen.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, “To Madam, a yi mana allurar mana mu huta.”

Ta ce, “Babu allura, babu ƙwaya. An nema ba a samu ba. Amma an san hanya da yake bi. In mun tare hanya shekara ɗaya, biyu, zai mutu da kansa, don ba shi da gida sai jikin mutum.”

Sai ta raba wa kowane gida ƙyalle guda. Fari ne ƙal, mai santsi, ramukansa ƙanana har ido ba ya ganinsu, da zariya a gefe don a ɗaure a bakin randa. Ta ce duk ruwan sha sai ya bi ta cikinsa, kada a matse shi, kada a yi wani aiki da shi. Ta hana masu ciwo shiga kududdufi, ta naɗa matar Baba Shekwolo ta riƙa tsaron bakin ruwan. Gidan Baba ne ma ya zama abin misali a ƙauyen, ko ruwan gona ba sa fita da shi sai an tace.

Ni ma na bi doka, kwana goma cur. Matsalar ita ce abin tatar kamuna. Wani tsohon ɗankwali ne da ya gaji da duniya, dusa tana wucewa ta cikinsa yadda take so. Leburori suka fara tsiya, wani ya ce, “Mai koko, wannan na mutane ne ko na kaji?” Wata mata kuma ta kafa tukunyarta a tsallaken titi, na ga masu sayena suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na dawo da rabin tukunya ba a saya ba. Washegari da safe ina tsaye a kan niƙaƙƙen gero, idona ya faɗa kan bakin randa. Na ce na yau kawai.

Wallahi ban taɓa ganin kamu irin na ranar ba. Ya kwanta lumui, kokon ya fito sumul ba ko ƙwayar dusa. Kafin rana ta ɗaga tukunya ta ƙare, har ana ƙwanƙwasa gindinta. Na dawo gida da garin tuwo da ɗan manja, Malam ya ci ya yi gyatsa, karo na farko a wata guda. To wa zai daina? Kullum in tace kamu, in wanke ƙyallen, in mayar bakin randa, ina ce wa kaina ai ban rage shi da komai ba. A kwana na biyar ina murɗe shi na ji ya ce ƙiii. Na ɗauko allura da baƙin zare na ɗinke. Daga ranar ruwa ya riƙa wucewa da sauri, ni kuwa don wauta har daɗi nake ji aiki ya ragu. Wata rana ma in gajiya ta yi yawa, juyewa kawai nake a randa. Zancen tafasa ruwan kuwa bai taso ba, itace jiƙaƙƙe ne, ɗan busasshen da na samu na koko ne. Na yi kusan mako uku a haka.

A cikin makonnin nan Baba Shekwolo bai fasa zuwa duba Malam ba. Duk ranar kasuwar Bwari in ya dawo sai ya biyo, dogon tsoho mai tafiya kamar saurayi. Baƙo kuma in ya shigo gidan Bahaushe, ruwa ake fara ba shi kafin gaisuwa ta yi nisa. Nakan durƙusa in miƙa masa moɗa cike, ya shanye ya nemi ƙari. Har yakan ce da alfahari, “Ni yanzu ba na sha ruwa ko'ina, sai gidana, sai gidan Idi. 'Yata yana da tsabta.” Ina jin haka in sunkuyar da kai, shi yana zaton kunya ce.

Ranar da Madam Rifkatu ta dawo zagayen duba ƙyallaye, na wanke nawa da sabulu har sau uku. Ta karɓa ta ɗaga sama, baƙin zaren nan ya fito ɓaro-ɓaro. Ta kai hanci ta shinshina, tsamin kamu ba ya ɓuya. Ta ja ni bayan ɗaki inda Malam ba zai ji ba.

“Mai koko, kwana nawa?”

Na faɗa mata. Na ɗauka za ta tara mini jama'a da muryar nan tata, amma sai ta dubi tukunyar kokon, ta dubi ƙashin wuyana da ya fito, ta yi ajiyar zuciya.

Na ce, “Madam, don Allah ba abin da za a sha ya kashe su tun suna ƙanana?”

Ta ce, “Babu. Wanda ya shiga ya shiga. Sai dai mu jira damina mai zuwa mu gani.”

Ta ba ni sabon ƙyalle, ta ce tsohon in bar wa koko tunda ya riga ya zaɓi sana'a. Na roƙe ta kada ta gaya wa Malam. Ta ce ba aikinta ba ne, nawa ne.

Ban taɓa ganin shekara mai tsawon wannan ba. Malam ya miƙe a ƙarshen damina, ya rame kamar ba shi ba. Kaka ta zo ba mu da abin girbi, muka yi ta sussuka a gonakin mutane ana ba mu ɗan abin da aka ba mu. Ma'aikata suka zo suka auna kududdufi da igiya da sanda, suka zuba maganin kashe ƙwarin daidai yawan ruwan. Da rani wata mota mai dogon ƙarfe ta fara huda ƙasa a bakin ƙauye za a yi famfo. Bazara ta zo da zafin da ke sa duwatsun nan su yi ta huci har bayan la'asar. Duk wannan lokacin gonar tana raina. Ta riga ta kwana damina ɗaya. In tsutsa ta sake fito wa Malam, ta kwana biyu ke nan, kuma ni na shayar da shi da hannuna. Kullum in yana alwala sai in tsaya ina ƙare wa ƙafafunsa kallo, har ya ce, “Kulu, wai me ƙafar nan ta ci miki ne?” Na yi dariyar yaƙe na wuce.

Hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Ƙafafun Malam lafiya lau. Ni ce na tashi wata safiya da ƙaiƙayi a bayan sawu, kafin azahar bororo ya taso. Malam ya tsuguna ya duba, ya ɗago ya ce, “Ta ina? Ba tacewa muke ba?” A nan na faɗa masa komai, ina kuka ina haɗawa da majina. Bai yi faɗa ba. Sai ya ce, “Da kokon nan na tashi, Kulu. Allah ya sa iyakarta ke nan.”

Ba iyakarta ba ke nan. Kwana uku bayan haka labari ya zo cewa Baba Shekwolo yana kwance, ta fito masa a gwiwa. A shekarar 'yan tsiraru ne suka kamu a duk ƙauyen, a gidansa kuma shi kaɗai. Ga shi lokacin zuwa gaisuwar shuka ya yi, iri yana ɗaure a buhu, ƙasa ta jiƙa.

Malam ya ce, “Zan je in gaishe shi in dawo. Ke ki zauna da ƙafarki.”

Na ce, “Malam, tare za mu. Sai na gaya masa.”

Ya ce, “In kika buɗe baki a gaban ɗan ƙanen nan nasa, mu zo mu ɗaure kayanmu. Ina za mu? Kin tuna da Sadiya?”

Gaskiya ya faɗa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma na ce masa ba zan iya cin dawar gonar ba, tsohon nan yana kwance yana yabon tsabtata. Ya fita ya yi ta zagaye a tsakar gida. Can ya jawo keke ya ce in hau a hankali.

Mun tarar da Baba a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, tana ƙyalli. Madam Rifkatu tana durƙushe tana wanke ciwon, ɗan ƙanen yana tsaye a jikin ginshiƙi. Malam ya gaishe shi ya ajiye goro. Kafin ya kawo maganar shuka, na ja ƙafata na matsa gaba na durƙusa. Na ce, “Baba, ruwan da na riƙa ba ka bara ba tatacce ba ne. Da ƙyallen nake tace kamu har ya yage. Ga tawa nan ta fito, ka gani.”

Ɗan ƙanen ya fara magana da yarensu da sauri yana nuna mu, ba sai an fassara mini ba. Madam Rifkatu ta ɗago ta ce, “Baba, in faɗi abin da na sani. Ba wanda zai iya nuna kofi da ya kawo wannan. Ko madubi ba zai nuna ba. Zai iya zama nata, zai iya zama wani wuri da ka manta.”

Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya dube ni, gumin zafin ciwo yana tsattsafo masa a goshi. Ya ce, “'Yata, kokon ya sayu?”

Na ce, “Ya sayu, Baba.”

“Idi ya ci abinci? Yarinya ya samu nono?”

Na gyaɗa kai.

Ya ce, “To.” Ya juya wajen Malam ya ce, “Ƙasa yana bushewa, kana nan kana zaune. Je ka shuka.”

Malam ya shuka tamu, ya shuka ta Baba, ya nome su duka biyun, ban san inda ya samo ƙarfin ba. Tawa tsutsar ta fita a mako biyar. Ta Baba ta tsinke a ciki, ya sha wuya har ƙarshen damina, da ciwon ya warke kuma gwiwar ta sandare. Famfo ya fara ba da ruwa a shekarar. Bayan mu ba a sake ganin kurkunu a ƙauyen ba, daga baya ma muka ji a rediyo an ce ya ƙare a ƙasar baki ɗaya. Na yi murna, har ga Allah na yi, amma murnata ba ta taɓa cika kamar ta sauran mutane ba.

Dawa ta yi kyau a shekarar fiye da kowace shekara. Da muka girbe, muka ɗauki damin farko muka kai masa, ni da Malam. A al'adarsu mai gona a tsaye yake karɓar damin farko, da hannu biyu. Baba ya dafa ƙasa ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, Malam ya miƙa hannu zai taimaka, ya girgiza kai. A karo na uku ya koma ya zauna yana haki, sai ya yi dariya ya ce a ajiye nan kusa, inda hannunsa zai kai. Na juya baya ina share hawaye da bakin zane, don na san mutumin nan da ƙafarsa yake zuwa Bwari ya dawo. Ya zaro zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna.

Ya ce, “Idi, dawan nan ya yi. Baɗi ka ƙara kunya goma ta wajen dutse.”